Ƙauyen Bunong na da dokarsa tun kafin a zo da takarda

A watan Yulin 2021 wata kotu a Nanterre, nan gefen birnin Paris, ta kori ƙarar wasu manoma 80 da suka fito daga Kambodiya. Tun 2015 suke wannan shari'ar da kamfanin Bolloré na Faransa, wanda ke da hannun jari mai kauri a rukunin Socfin masu gonakin roba, suna cewa an cinye musu gonaki da daji da maƙabartu a yankin Bousra na lardin Mondulkiri an dasa roba a kai. A 2019 har wasunsu suka hau jirgi suka je Faransa da ƙafarsu dan alƙali ya gansu ido da ido. Amma kotu bata ma kai ga duba ko an zalunce su ko ba'a zalunce su ba, cewa tayi basu kawo takardar da ke nuna ƙasar tasu ce ba, dan haka basu da hurumin yin ƙara. Wannan hukuncin ya tsaya min a rai sosai, kuma ina ganin duk wanda ya san yadda mutanen nan ke rayuwa zai ga cewa tambayar da aka musu tun farko ba adalci a cikinta.

Mutanen nan su ne waɗanda Khmer, wato ƙabila mafi rinjaye a Kambodiya, ke kira Phnong, su kuma Bunong suke kiran kansu. Suna zaune a lardin Mondulkiri, gabashin ƙasar, kan tuddai masu jan ƙasa da sanyi da ke iyaka da Biyetnam, inda 'yan uwansu Mnong suke a ɗaya tsallaken. Lardin shi ne mafi faɗi a ƙasar kuma mafi ƙarancin cunkoson jama'a, babban garinsa Sen Monorom. Ƙidayar 2008 ta sa yawan Bunong a wajen dubu 37, basu da yawa kam, amma su ne mafi girma a cikin ƙabilun asali na lardin, kuma kafin titi ya iso baƙi su kwararo daga ƙasa-ƙasa su ne ke da rinjaye nesa ba kusa ba.

To ina za su samo takarda dan Allah? Harshensu ma ba'a daɗe da fara rubuta shi ba. Faransawa sun shigo tuddan nan da kyar, wani jagoransu Pa Trang Loeng ya kashe bature mai binciken ƙasa Henri Maitre a 1914 kuma aka yi ta fafatawa har 1935. Daga baya jiragen Amurka suka yi ta ruwan bama-bamai a yankin lokacin yaƙin Biyetnam, wasu suka gudu tsallaken iyaka. Sai Khmer Rouge, wato 'yan gurguzun da suka mulki Kambodiya a shekarun 1970, suka zo suka kwashe jama'a daga ƙauyukansu zuwa Koh Nhek a arewacin lardin aka tilasta musu noman shinkafar fadama, aka hana bukukuwansu, aka ƙwace tuluna da kugen tagulla da suka gada kaka da kakanni. Waɗannan Khmer Rouge ɗin dai su ne suka soke mallakar ƙasa gaba ɗaya a Kambodiya suka lalata rajistocin filaye, har dokar ƙasa ta 2001 ma sai da ta fito fili tace bata san da duk wata mallaka ta kafin 1979 ba. Kenan ko ɗan birnin Phnom Penh bai tsira da takardarsa ba balle mutumin kan tudu. Da abin ya lafa waɗanda suka rayu suka koma ƙauyukansu a shekarun 1980, kowa ya gane rafinsa da tudunsa da inda aka binne iyayensa, ba wanda ya buƙaci taswira.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, wannan gane wurin da suka yi ba sa'a bace. Akwai doka a ƙauyen Bunong, cikakkiya, da masu zartar da ita da hukuncin wanda ya karya ta, kawai dai a ka take ba a littafi ba.

Ɗauki maganar gona. Bunong manoman shinkafar tudu ne. Magidanci zai zaɓi wani yanki na daji a cikin iyakar ƙauyensu, ya yi sassabe da rani ya bar shi ya bushe ya sa wuta, ruwa na sauka a shuka shinkafa haɗe da masara da kabewa da barkono da gauta da rogo da ayaba duk a gona ɗaya. Za'a noma wurin na 'yan shekaru, in ƙasa ta fara gajiya ciyawa ta yi yawa sai a barta ta zama saura a koma wani gefe, sauran nan kuma zata iya kai shekara goma ko fi tana hutawa har daji ya sake rufe ta. Wanda bai sani ba in ya zo ya gani cewa zai yi dajin Allah ne ba mai shi. Amma kowa a ƙauyen ya san saurar wane ce wannan, ya san wancan kwarin na dangin su wance ne, kuma baka isa ka shiga ka sassabe ba sai ka nemi izini. Ƙasar ta ƙauye ce baki ɗaya, iyali na da haƙƙin amfani, ba mai ikon ya sayar wa baƙo. Tsakanin ƙauye da ƙauye kuma akwai iyaka, rafi kaza ko dutse kaza, dattawan ɓangarorin biyu sun sani. Duk wanda ya tashi a karkara a wajenmu ya san mecece saura, ya san kuma irin rigimar da zata tashi in wani ya wayi gari ya ce tunda ba shuka a kai to ba mai ita. Wannan maganar ce fa aka faɗa wa Bunong, sai dai su da katafila aka faɗa musu.

Akwai kuma dajin da ba'a taɓawa sam. Wani tudu ne, wani bakin rafi ne ko wurin da ruwa ke gangarowa daga dutse, sun yi imani iskoki ne ke zaune a wurin, ba sara ba sassabe, wani wurin ko farauta ba'a yi. In mutum ya keta ya sari itace, a fahimtarsu ba kansa kaɗai ya jawo wa masifa ba, ciwo ko mutuwa na iya faɗa wa kowa a ƙauyen, shi yasa hukuncin ke da nauyi, sai ya kawo dabba an yi yanka an nemi afuwa. Maƙabartarsu ma a cikin daji take, ba shinge ba allon suna, itatuwa ne manya da kayan mamacin da aka ajiye masa a gefen kabari.

Abin da ya fi burge ni a tsarin nasu shi ne na itatuwan ƙaro. Akwai wasu manyan itatuwa dogaye a dajin da ke fitar da wani irin ƙaro mai ruwa-ruwa kaman mai. Mutum zai sassaƙa rami a jikin kututturen daidai ƙugu ko ƙasa da haka, ya ɗan sa wuta a ramin na ɗan lokaci kaɗan ya kashe, sai itacen ya fara tsatso da man yana taruwa a ramin, bayan kwanaki ya dawo ya kwashe cikin jarka ya sake ɗan ƙona wurin ya wuce itace na gaba. Ana shafa wannan man a jikin kwale-kwale dan kar ruwa ya shiga, ana yin fitila da shi, ana sa shi a fenti, yawancinsa 'yan kasuwa ke saye su tsallakar Biyetnam. Itace ɗaya zai yi shekaru da dama yana bayarwa bai mutu ba. Kuma ga doka: wanda ya fara sassaƙa ramin shi ne mai itacen, 'ya'yansa su gada, iyali ɗaya na iya mallakar gomomi ko ɗaruruwa warwatse a cikin daji tafiyar yini, kuma ba mai kwashe man wani ko da ba kowa a wurin. In shinkafa ta ƙare kafin sabuwa ta nuna, da kuɗin man nan ake sayen abinci. Mutumin da abincin 'ya'yansa ke jikin itace mai rai baya buƙatar wani jami'i ya koya masa kare daji. Dokar gandun daji ta Kambodiya ta 2002 ma ta hana sare itatuwan da mutanen gari ke tatsa, amma masu katako sun sare su ba adadi, wani lokacin a cusa wa mai itacen 'yan kuɗin da basu kai abin da zai samu a shekara ɗaya ba, a ce masa ko ka karɓa ko baka karɓa ba za'a sare.

Sai shari'a. In rigima ta tashi, ko saniya ta shiga gona, ko sata, ko zagi, ko namiji ya yi wa yarinya ciki, ko miji da mata sun ƙi jituwa, ba'a fara da ofishin 'yan sanda. Akan samu ɗan tsakani ya ji ta bakin kowa ya kai ya kawo, in abin ya fi ƙarfinsa sai dattawa su zauna. Dattawan nan ba naɗa su aka yi daga sama ba, ba albashi, mutane ne da aka yarda sun san tarihin ƙauyen sun san yadda aka yanke irin wannan a baya kuma sun iya magana. Za'a yi ta zance wani lokacin har dare, kowa na ji, dangin wannan da dangin wancan duk suna zaune a ƙasa cikin irin gidan nan nasu mai jinka har kusan ƙasa, ba taga, hayaƙin murhu na tashi rumbun shinkafa na sama. In an gano mai laifi sai a yanka masa tara gwargwadon laifinsa, kaza, alade, saniya ko ɓaunar gida, da tulun giyar shinkafa. Wani kaso na wanda aka cuta ne, wani kuma a wurin za'a yanka a dafa kowa ya ci. Sai a kawo tulun a tsakiya a zura tsinken gora, mai laifi da wanda aka yi wa laifi su sha daga tulu ɗaya a gaban jama'a, daga nan magana ta mutu, wanda ya sake tono ta shi za'a ci tara. Dalilin wannan a fili yake, mutanen nan gobe tare za su yi gayyar girbi, tare za su ɗauki gawa, ƙauye mai gida hamsin ko ɗari baya iya ɗaukar gaba ta shekara da shekaru.

Gado ma da tsarinsa. A al'adance miji ne ke tarewa wajen dangin matarsa, dukiya mai daraja irin su tsofaffin tuluna da kuge da dabbobi ta wajen mata take bi. Giwa kuwa, wadda aka san Bunong da ita tun da, sau da yawa ba ta mutum ɗaya bace, iyalai da dama ne ke tarayya a kanta kowa da kwanakin da zai yi aiki da ita, kuma ɗaukarta suke kaman 'yar gida, akwai abubuwan da in mutanen gidan suka aikata ake ganin giwar ce zata yi ciwo sai an yi gyara. Basa barin giwayen gida su hayayyafa haka nan sai da wani biki mai tsada, ga shi an hana kamo na daji, shi yasa giwayen gidan suka tsufa suna ta raguwa.

Na san wani zai ce to mu ina ruwanmu da masu bautar iskoki da shan giya da yanka alade. Ni Musulmi ne, ban yarda da ko ɗaya daga cikin abin da suka yi imani da shi game da iskokin daji ba, kuma su kansu ba duka ke kan wannan ba yanzu, akwai Kiristoci da yawa a cikinsu musamman waɗanda suka yi gudun hijira a Biyetnam. Amma ban taɓa jin inda aka ce zalunci ya halatta in wanda za'a yi wa ba addininku ɗaya ba. Kabarin uban mutum kabarin ubansa ne. Gonar da yake ci da ita gonarsa ce. In katafila ta bi ta kan maƙabarta ta tone ƙasusuwa aka dasa roba a wurin, wallahi ba sai na yarda da aƙidar mai kabarin ba kafin jikina ya yi sanyi.

Abin haushin shi ne a rubuce Kambodiya ta yarda da duk wannan. Dokar ƙasa ta 2001, daga sashe na 23 zuwa na 28, ta amince al'ummomin asali su mallaki ƙasarsu a dunƙule, har da saurar da aka bari tana hutawa, kuma ta ce kafin a kammala musu rajista su cigaba da tafiyar da ƙasarsu bisa al'adarsu. A 2007 ƙasar ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin 'yan asali. Amma ƙa'idar da zata fayyace yadda za'a yi rajistar bata fito ba sai 2009, shekara takwas bayan dokar. Ita kuwa ƙa'idar bai wa kamfanoni filayen noma tun 2005 ta fito, kamfani na iya samun har hekta 10,000 na tsawon shekaru masu yawa, a lokacin har 99. Ka duba wannan tazarar ta shekara huɗu ka ga wa aka fi gaggawar yi wa aiki. A cikinta ne aka shiga Bousra a 2008, aka fara ture daji da gonaki, iyalai sama da 800 abin ya shafa, har a ƙarshen shekarar mutanen gari suka fusata suka ƙona motocin aikin kamfanin. Kamfanin na cewa daga hannun gwamnati ya karɓi filin bisa doka kuma ya biya diyya, daga baya ma an zauna sulhu da wasu ƙauyukan. Na ji wannan. Amma mutumin da aka ba zaɓi bayan an riga an ture gonarsa, ko ka karɓi kuɗi kaɗan ko a baka wani fili can ko ka noma roba ka sayar mana, ya dangwala yatsa a takardar da aka rubuta da harshen da baya karantawa, ni bana kiran wannan yarda. Kuma sunan Socfin ba baƙo bane a Najeriya, su ne masu babban kaso a kamfanin manja na Okomu a jihar Edo.

Ita kanta rajistar in ka ji yadda take sai ka riƙe baki. Matakai uku ne a ma'aikatu uku. Da farko ma'aikatar raya karkara ta tabbatar cewa ku 'yan asali ne da gaske, sannan ma'aikatar cikin gida ta yi muku rajista a matsayin ƙungiya mai kundin dokoki a rubuce da kwamiti da shugaba, sannan ma'aikatar filaye ta zo ta auna ta bada takarda. Kowane mataki kuɗi ne da shekaru, ba ƙauyen da ke iyawa sai wata ƙungiyar agaji ta ɗauki nauyi. Sai a ƙarshen 2011 ƙauyukan farko suka karɓi takarda, shekara goma cur bayan dokar, Andong Kraloeng na Bunong na cikin ukun farko da aka yi gwaji da su. Al'ummomin asali a ƙasar sun haura 400, waɗanda suka samu takardar har yau 'yan gomomi ne. Sannan ƙa'idar 2009 ɗin ta ƙayyade cewa dajin iskoki kar ya wuce hekta 7, maƙabarta ma kar ta wuce hekta 7. Hekta bakwai ga abin da ƙauye guda ke girmamawa tun kakanni, hekta dubu goma ga kamfanin da ya zo jiya. Dajin da itatuwan ƙaro suke kuwa galibi baya ma shiga cikin takardar.

A 2012 Firaminista Hun Sen ya dakatar da bada sabbin filaye ga kamfanoni, ya tura ɗalibai 'yan sa kai ƙauyuka suna auna fili suna raba takardun mallaka na ɗaiɗaiku cikin gaggawa. Ga talakan Khmer wannan alheri ne, amma a ƙauyukan tudu sai ya zama tsaka mai wuya, ga takardar kanka yau-yau a hannu, ga ta gamayya da ba'a san ranar zuwanta ba, kuma in ka karɓi ta kanka ka fita daga ta jama'a. Da yawa sun karɓa, kuma ban ga laifinsu ba, tsoro ne. Sai dai takardar mutum ɗaya ana sayar da ita ana jinginar da ita, ta gamayya ba'a yi. Kambodiya kuwa na cikin ƙasashen da ƙananan bankunan bashi suka fi yi wa katutu a duniya, ma'aikatansu na yawo a babur ƙauye-ƙauye, a baka bashi ka dasa kashu ko rogo ko ka kai mara lafiya asibiti, farashi ya faɗi, ka yanki gona ka sayar ka biya. Ta wannan hanyar ƙasa na fita daga hannun 'yan asali shiru-shiru ba katafila ba hayaniya, kuma komai bisa doka.

Ba zan ce komai na al'adar nan daidai ne ba, dan ba haka bane. Zargin maita na nan a yankunan tudu kuma yana kai ga korar mutum daga gari ko ma kisa, wannan ba abin karewa bane ko kaɗan. In aka yi wa yarinya fyaɗe aka ce alade da tulu sun wanke laifin, an zalunce ta sau biyu, irin wannan kotun gwamnati ya kamata ya je kuma a hukunta. Duk da dukiya ta wajen mata take bi, zaman yanke hukunci galibi maza ne ke magana. Tara mai nauyi na iya durƙusar da gidan talaka. Sannan ba duk dattijo bane mutumin kirki, akwai waɗanda dillalan fili suka saya da babur ko 'yan daloli suka sa hannu aka sayar da abin da ba nasu ba. Samari kuma suna son waya da babur da makaranta da aikin albashi, haƙƙinsu ne, ba wanda ya isa ya ce su zauna a yadda kakanninsu suka zauna dan masu yawon buɗe ido su samu abin ɗauka a hoto. Amma duk waɗannan dalilai ne na a gyara, a ja layi a ce wannan na dattawa ne wancan na kotu ne, a sa mata a cikin kwamiti da gaske. Ba ko ɗaya a ciki da ya zama hujjar a ƙwace ƙasa. Kuma abin lura, masu kawo waɗannan aibobin a bakinsu sun fi yawa a lokacin da ake maganar fili, ba lokacin da yarinyar ke neman wanda zai tsaya mata ba.

Haka zancen cewa noman sassabe ne ke cinye daji. Shekaru aru-aru mutanen nan na sassabe suna ƙonawa, kuma har zuwa shekarun 1990 Mondulkiri daji ne kusan ko'ina, da giwayen daji da namun da babu su a wasu wurare. Dajin ya fara tafiya ne da zuwan masu katako da gonakin roba da titi da masu sayen fili. Gaskiya ne in aka matse mutane a ɗan wuri, saurar da ke hutawa shekara goma ta koma shekara uku, ƙasa zata mutu, amma wa ya matse su? Dubi gandun Keo Seima, kusan hekta 290,000, inda ƙauyukan Bunong da dama suke ciki har da Andong Kraloeng. A 2016 kamfanin Disney na Amurka ya biya dala miliyan 2.6 dan a bar itatuwan wurin a tsaye saboda iskar carbon mai ɗumama duniya da suke tsotsewa. Duniya ta yarda dajin nan na da daraja har tana biya, to su wa suka bar shi a tsaye har ya kai yau? Wani kaso na kuɗin na zuwa ƙauyukan, wannan abu ne mai kyau, kuma samarinsu na fita sintiri suna kama masu satar itace da zarto. A wurin an nuna cewa dokar ƙauye da ta gwamnati na iya aiki tare in an so. Sai dai a gandun daji da yawa mutumin da ya koma saurar ubansa ya sassabe shi ake kamawa a kai kotu da laifin cin dajin gwamnati, mai tirelar katako kuma ya wuce shingen bincike lafiya lau.

Ni a ganina nauyin kawo hujja a kan wanda ya zo daga baya ya kamata ya kasance. In kamfani ko ma'aikata na son fili a Mondulkiri, su ne za su nuna cewa ba kowa a wurin, ba wai tsohuwar da aka haifa a wurin aka binne uwarta a wurin ta nemo satifiket ba. Shaidar dattawan ƙauyen da na ƙauyukan maƙwabta, da kaburbura, da ramukan da ke jikin itatuwan ƙaro wanda wasu sun girmi alƙalin da ke shari'ar, duk wannan hujja ce kuma ya kamata kotu ta karɓa, a Sen Monorom ne ko a Nanterre. A haɗe matakan nan uku su zama ɗaya gwamnati ta biya kuɗin awo da kanta, tunda ita ta ce sai da takarda. A cire ƙa'idar hekta bakwai a auna abin da ke ƙasa yadda yake. Sulhun da dattawa ke yi kan ƙananan rigingimu a bashi matsayi a doka yadda ɗan sanda ko mai kuɗi ba zai zo ya warware shi da rana tsaka ba, manyan laifuka kuma a ce ƙarara na kotu ne.

Mafi gaggawa a cikinsu duka shi ne kariya tun daga ranar farko. Yadda abin yake yanzu, kariyar wucin gadi da ake ba ƙauye bata fara aiki sai ya tsallake matakai biyu ya shigar da takardar neman awo, alhali shekarun da ake kwashewa kafin a kai nan su ne shekarun da dillalai da kamfanoni ke cin gefe da gefe, har in masu awo suka iso sai su tarar rabin abin da za'a auna ya riga ya zama na wani da takardarsa a hannu. Ranar da ƙauye ya ce mu Bunong ne ga iyakarmu, daga ranar a dakatar da saye da sayarwa da bada fili a cikin wannan iyakar har sai an gama tantancewa, ko da za'a shekara goma ana yi.